Muryar da Na Sa Aka Yanke a Yamai

Da can, idan na dawo daga tafiya ba sai an tambaye ni ba. Tun ban kwance jaka ba nake fitowa dakalin ƙofar gidana a Doka cikin Kaduna, in sa a kawo shayi, in fara zuba. Mutanen majalisarmu sun sha labarin Kumasi da Abijan da Hartum har sun haddace. Wani lokaci in na tsaya kurɓar shayi, Malam Sale tela ne ke ƙarasa mini labarin. Yanzu kuwa shekara biyu ke nan da dawowata daga Yamai, kuma duk wanda ya ce, "Alhaji, wai yaya Nijar ɗin?" amsata ɗaya ce: lafiya lau. Ran nan Malam Sale ya ajiye almakashi ya ce, "Mutumin da ya kashe mana kunne da Kumasi, ya je Yamai ya dawo da lafiya lau kawai? Ko dai kora aka yi maka?" Ba a kore ni ba. Na dai ga bakina ba zai iya faɗa ba, shi ya sa na rubuta.

Ba don kaina na yi tafiyar ba. Don Habu na yi ta, ɗan ƙanena marigayi Isa. Habu yana da shekara ashirin da bakwai a lokacin, yana gyaran rediyo a wani ɗan shago da ke jikin gidansu a Unguwar Shanu. Ya sayi tsohuwar jita mai aiki da lantarki a hannun wani mutumin Gana da zai koma gida, ya koyi kaɗa ta shi kaɗai. Shi da abokinsa Dogo, wani Bakatsine mai walda wanda ya haɗa gangunansa da kansa, da wani Audu, suka riƙa yin kiɗan nan na Turawa da ake kira rok, amma da waƙar Hausa.

Wata Lahadi da hantsi suka ɗora rediyo mai kaset a kan benci a tsakiyar shagon, suka danna, suka rera waƙa bakwai a jere. Lasifikar jitar a yage take, don haka sautin yana fita da wani gurnani kamar an toshe zuma a tulu. Duk abin da ya faru a unguwar ranar ya shiga kaset ɗin. Kafin waƙar farko zakaran maƙwabta ya yi cara. Akwai tarin Audu, akwai babur da ya wuce. A tsakiyar waƙa ta biyar tsirkiya ta tsinke, Dogo ya ce "Kai!" suka ci gaba abinsu. A waƙa ta uku kuwa ana jin daka daga cikin gida, taɓarya tana sauka daidai da ganga kamar an shirya. Hajara ce, mahaifiyar Habu. Da waƙar ta ƙare ta leƙo ta ƙofar baya ta yi musu magana, suka yi dariya, sannan suka shiga ta huɗu.

Wata huɗu bayan haka Hajara ta rasu. Ba ta bar ko hoto ba, don ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba.

Kaset ɗin ya fita ta hannun wani mai kwafe-kwafe a tashar Kawo. Masu wannan sana'a suna kiran kaset na asali uwa. Daga uwa ake fitar da 'ya, daga 'ya a fitar da jika, kuma kowane hawa sauti yana ƙara dushewa. Ganga da jita suna jure wannan. Muryar Hajara, da yake daga nesa ta shigo, tun a kwafi na biyu ta koma gunaguni. A uwar kaɗai ake jin kalmominta. Habu ya naɗe uwar a kallabinta, ba ya bari kowa ya taɓa.

Ni kuwa da na ji kaset ɗin kunya ta kama ni. Na zauna a wuraren kiɗa a Akara da Abijan, na san yadda faifan kirki yake fita tsaf. A ce ɗan ƙanena ya yi suna da carar zakara? Na ce masa ina da sani a Yamai, wani Kwami mutumin Lome mai ɗakin ɗaukar murya, zai buga masa abin da zai shiga ko'ina. Habu ya ce, "To Baffa, yadda ka gani." Ranar tafiya ya miƙo mini ƙunshin kallabin da hannu biyu.

"Baffa, ka riƙe a wurinka. Aljihun dattijo ba a lalube shi a kan iyaka. Ka san Inna tana ciki."

Na ce na sani. Na kuwa sani ɗin.

Mun tashi daga Kawo da sassafe, ni da shi da Dogo, a motar haya mai cin mutum bakwai. Ko Kaduna ba mu gama fita ba direban, wani Bazamfare mai jan haƙora, ya tura kaset a rediyon motar. Sai ga carar zakara. Dogo ya zabura har kansa ya bugi rufin mota. Habu ya mintsine shi.

Wata mata mai kwandon kaji a baya ta ce, "Direba, in an zo wurin dakan nan ka ƙara murya."

Na tambayi direban ko su wane ne masu waƙar. Ya ce, "Wasu yara ne 'yan Kano, Alhaji. Mawaƙin makaho ne, an ce a kurkuku aka ɗauka."

Dogo ya kasa haƙuri. "Makaho? Ga makahon nan a bayanka yana kallon ƙeyarka!"

Direban ya ce, "Kai dogo, in kana neman ragin kuɗin mota ka faɗa kai tsaye."

A Rigachikun taya ta yi faci. Muna jiran mai faci a gindin mangwaro, Dogo ya tilasta wa Habu ya ciro jitar ya rera waƙa ta biyu, wadda yake wa kwatar Unguwar Shanu shaguɓe idan ruwan sama ya cika ta. Direban ya saurara da baki buɗe. Da aka gama ya ce, "Muryar dai ita ce. Amma ina gurnanin? Babu gurnanin nan ai sai ka ce waƙar 'yan makaranta." Na ɗauki maganar a matsayin rashin sani na direba. Ban tsaya na yi tunanin cewa shi ne mai sauraren ba, ba ni ba.

Mun wuce Zariya da Funtuwa, muka ci shinkafa da wake a Katsina a wurin wata gwaggon Dogo, wadda ta yi masa faɗa a kan rashin aure tun daga loma ta farko har muka wanke hannu. Da azahar muka isa Jibiya.

Na tsallaka iyakoki da yawa, kuma kowace da halinta. A ɓangarenmu hayaniya ce da raha, jami'in ya ɗauki jitar ya rataya ya ce wa abokinsa ya dube shi. A ɓangaren Nijar kuwa layi ake yi. A karɓi takardunku duka, a shiga da su, a fito a kira suna ɗaya bayan ɗaya kamar a aji. A lokacin hukumarsu ba ta sakewa da kaset ɗin jita, saboda wasu waƙoƙin 'yan tawaye da ke gangarowa daga arewacin ƙasar. Da jandarma, wato ɗan sandansu, ya ga jita sai ya sa aka zazzage jakar Habu, ya kwashe duk kaset ɗin da ke ciki. Ni ko kallon aljihuna bai yi ba, sai ma ya sa aka ba ni kujera. Habu ya dube ni, na dafa ƙirjina inda uwar take, ya saki ajiyar zuciya.

Jandarman ya sa ɗaya daga cikin kwafin a rediyonsa, fuska a murtuke. Zakara ya yi cara. Sai ya kwashe da dariya ya kira na ciki. "Ku taho ku gani, masu Zakara ne!" Ashe kaset ɗin da ba shi da suna ba shi da hoto, mutane sun raɗa masa Mai Zakara, kuma ya riga mu tsallaka iyaka ba fasfo. Jandarman ya mayar da komai, ya riƙe kwafi ɗaya, ya ce nasa ya tsufa.

A Maraɗi muka sauka gidan Alhaji Ibro, tsohon abokina tun zamanin da nake sayen fata. Mutanen Maraɗi Katsinawa ne da aka raba mu da su da layi a takarda, amma zaman da suka yi da Faransawa ya bar musu wasu halaye. Burodinsu dogo ne kamar sanda, Dogo ya ce da shi za a iya korar kare. Rana tana take kowa ya rufe shago ya kwanta, ko kana da kuɗi a hannu ba mai sayar maka da allura sai la'asar. Shayinsu hawa uku ne a 'yan ƙananan kofuna, kuma tashi kafin na uku rashin ladabi ne. Furarsu kuwa ban sha irinta a Kaduna ba, ba zan ɓoye ba.

Bayan la'asar labari ya zaga cewa masu Zakara suna gidan Alhaji Ibro. Kafin a jima ƙofar gida ta cika: direbobi, teloli, masu kilishi, har da wani malamin makaranta. Abin da ya ba ni mamaki, ba wanda ya tambayi yadda ake kaɗa jita. Wani ya ce wane ne mai tarin, ya warke? Wani ya ce shi wurin da tsirkiya ta tsinke yake jira kullum, don nan ne yake tabbatar da cewa mutane ne irinsa suke yi. Malamin makarantar ya ce faifan Turawa kamar ɗakin otal ne, wannan kuwa kamar ka shiga gidanku. Daga nan wani tsoho mai sayar da igiya ya ɗaga sandarsa.

"Yaro, mu dai gardama guda muke da ita a garin ga. Mi tsohuwar ga take hwaɗi bayan dakan? Wasu sun ce zagin ku take. Ni na ce addu'a ce."

Habu ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Baffa, ba ni."

Na ciro ƙunshin. Ya kwance kallabin, ya goge kan rediyon Alhaji Ibro da auduga sau biyu kafin ya yarda ya sa. Ya kai ƙarshen waƙa ta uku. Dakan ya tsaya. Sai muryar Hajara ta fito sarai, kamar tana bayan ƙofa:

"Habu, in kun gama ihun ku zo ku ci, tuwo na hucewa. Kai Dogo, ka wanke hannun nan da sabulu, ba na son baƙin mai a kwanona."

Sai dariyarsu, da tata a ciki.

Habu ya ce, "Ta rasu bara." Tsohon mai igiya ya share ido da bakin rawaninsa ya ce, "To ai na hwaɗa muku addu'a ce. Allah ya jiƙanta." Ba a jima ba matar Alhaji Ibro, wadda ta ji komai daga zaure, ta aiko da tuwo da miyar kuka ta ce a ba ɗan marigayiya, kuma a ce wa dogon ya wanke hannu.

Ina zaune a wurin. Na ga duk wannan da idona. Abin da ke raina kuwa shi ne, idan ƙazamin kaset ya tara mutane haka, ina ga an wanke shi.

Washegari muka kama hanyar Yamai a wata bas da aka cika ta har rufi. A Galmi aka ƙara buhunan albasa, Dogo ya yi sauran tafiyar a kansu, ya ce ko matar da gwaggonsa za ta samo masa sai ta gudu. Kowane gari akwai shinge, a sauka, a karɓi takardu, a kira suna. Mun wuce Ƙonni da Dogon Dutsi ana ta Hausa. Daga Doso harshe ya juya, Zabarmanci ya karɓe kasuwa, Faransanci ya karɓe ofis. Habu da Dogo ba su jin ko ɗaya. Ko ruwa za su saya sai sun waiwayo ni. Daga nan na zama bakinsu da kunnensu, kuma na ji daɗin hakan fiye da yadda ya kamata.

A Yamai muka kama ɗaki a wani masauki kusa da kasuwa, ɗaki ɗaya da katifa biyu da fanka mai kukan tsohuwar keke. Akwai Hausawa da yawa a birnin, amma mai masaukin Bazabarma ce, ta kawo mana dambu da zogale da ƙuli, wanda suke ci kamar yadda muke cin shinkafa. Dogo ya cinye nasa ya jawo na Habu. Habu bai ma lura ba, hankalinsa yana kan gobe.

Ɗakin aikin Kwami yana bayan wani kantin magani. An manne bangonsa da kwalin ƙwai don kada sauti ya yi amsa-kuwwa. Kwami ya tsufa tun rabona da shi a Lome, gashinsa ya yi fari. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, don haka da Faransanci muka yi magana. Ya sa uwar a na'urarsa, ya rufe ido, ya ji ta daga farko har ƙarshe bai motsa ba. Da ta ƙare ya dubi Habu ya jinjina masa, sannan ya juyo gare ni.

"Na san wannan kaset. Yaran kasuwa suna sayar da kwafinsa, amma ban taɓa jin sa da haske haka ba. Abokina, ba ya buƙatar komai. Na buga shi yadda yake, a sa hoto da suna, shi ke nan."

Habu ya ce, "Baffa, me ya ce?"

Na ce, "Ya ce yana da kyau, amma yana buƙatar ɗan gyara."

Wannan ce ƙaryar farko. Ta biyu ita ce da na ce musu aikin zai ɗauki lokaci, su je su ga kogi, su nemi mai hoto ya ɗauke su saboda bangon kaset. Habu ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon na'urar. Na ce, "Ina nan, ba inda za ni." Ya tafi.

Na ce wa Kwami ina so a cire dattin: zakara, da tari, da babur, da wurin da tsirkiya ta tsinke, da surutun da ke tsakanin waƙoƙi. Ya ce dattin nan shi mutane ke saye. Na ce masa mutanen tasha ba su ne ma'auni ba, ina so kaset ɗin ya shiga gidan rediyo, ya je Abijan. Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce yadda ake yi shi ne a juye uwar a babban zaren ɗaukar murya, a yanka babban zaren, a bar uwar lafiya. Amma zarensa ya ƙare, yana jiran saƙo daga Lome nan da kwana uku ko huɗu. Na ce ba zan zauna kwana huɗu a ɗakin nan mai fanka ba. A yanka a jikin uwar.

Ya dube ni da kyau. "Yaron ya sani?"

Na ce, "Ubansa ya rasu. Ni ne ubansa." A wurinmu wannan magana tana rufe kowace gardama, kuma ashe a Lome ma haka ne.

Ya kwance kaset ɗin, ya kwantar da zaren a kan wani ɗan ƙarfe mai kwari, ya ɗauko reza. Hannunsa yana da kyau, ba zan zalunce shi ba. Ya saurara, ya sa alama, ya yanka, ya haɗa bakin da salatif. Da ya zo ƙarshen waƙa ta uku ya tsaya, ya mayar, ya sake ji.

"Wannan matar fa? Me take cewa?"

"Kiran abinci ne kawai."

Ban ce mahaifiyarsa ce ba. Ban ce ta rasu ba. Na san in na faɗa zai ajiye rezar. A raina ina cewa ai akwai kwafi ko'ina, ai yaro ne, zai ga amfanin abin nan gaba ya gode mini. Ya yanka. Guntun bai fi kamu uku ba. Ya tattara guntayen duka a tafin hannunsa, sun nannaɗe kamar gashin masara, ya miƙo mini.

"Za ka riƙe waɗannan?"

Na ce, "In yi me da su?"

Ya zuba su a kwandon shara.

Da yamma yaran suka dawo da hotonsu, Habu rungume da jita, Dogo ya turo hula gaba. Na ce an gama, gobe za mu ji. Habu ya sayo mini kilishi.

Washegari da hantsi muka koma. Kwami ya riga ya fara buga kwafi. Ya sa uwar. Waƙar farko ta fara kai tsaye, ba cara. Dogo ya ce, "A'a, ina zakaran?" Na ga Habu ya gyara zama. Waƙa ta biyu ta wuce. Ta uku ta zo da dakanta, don shi yana cikin kiɗan, reza ba ta iya raba su. Dakan ya tsaya. Sai waƙa ta huɗu ta faɗo a kai nan take.

Habu ya miƙe ya danna da kansa, ya mayar baya, ya sake sawa. Ya sake mayarwa. Sau uku. Sannan ya juyo.

"Baffa, ina Inna?"

Na fara bayani a kan gidan rediyo da Abijan. Bai saurare ni ba. Ya juya wurin Kwami yana nuna na'urar, yana nuna bakinsa, yana cewa, "Inna. Mama. Mama." Wannan kalma ba ta buƙatar tafinta. Na ga fuskar Kwami ta canza. Ya dube ni, ya faɗi wata magana da Faransanci wadda ba zan rubuta ba, ya ruga ya ɗauko kwandon. Babu komai a ciki. Mai shara ya zo tun da safe, kuma al'adarsu a layin nan ita ce a tara sharar shaguna a bayan gini a cinna mata wuta kafin a buɗe kasuwa.

Muka zagaya baya. Tokar tana hayaƙi. Habu ya durƙusa ya sa hannu yana tonawa, Kwami da furfurarsa ya durƙusa kusa da shi. Sun sami murfin kwalba da ƙusa da wani dunƙulen roba da ya narke. Ni ina tsaye riƙe da kallabin, ban san inda zan sa shi ba.

Dogo ya matso kusa da ni. Yaron da bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba, ranar ya dube ni.

"Alhaji, da wane yare ka ce masa ya yanke?"

Bai jira amsa ba, ya ƙara da cewa:

"Na san dai ba da Hausa ba ne."

Habu ya tashi, ya karkaɗe gwiwarsa, ya zare kallabin daga hannuna a hankali, ya ninke ya sa a aljihu. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Da ma ya yi.

Komawarmu kwana biyu ce, kuma ba ni da abin da zan ba da labari a kanta. Shingayen suna nan, albasar tana nan. A Maraɗi na ce mu tsaya mu gaida Alhaji Ibro, Habu ya ce shi zai jira a tasha. Na gane ba ya so tsohon mai igiya ya ce a sake sa masa. A kan iyaka jandarman nan ya gane mu, ya yi mana carar zakara da bakinsa yana dariya. Ba wanda ya taya shi.

Sabon kaset ɗin ya iso Kaduna da hotonsa da sunansa, sauti tas. Na kai wa mai kwafe-kwafen nan na Kawo da kaina. Ya sa, ya ji minti ɗaya, ya cire.

"Alhaji, wannan ai an yi masa wanka har ransa ya fita. Direbobi Mai Zakara suke tambaya."

Haka aka yi. Wanda ya saya ya dawo da shi ya ce an ba shi na jabu. Gidan rediyon da na yi dominsa sun sa waƙa ɗaya sau ɗaya. Mutane suka ci gaba da kwafar tsohon daga jika zuwa tattaɓa-kunne, yana ƙara dushewa suna ƙara son sa. Kwalayen sabon suna ƙarƙashin gadona har yau.

Na tambayi mai kwafen ko yana da 'yar farko, wadda ya fitar daga jikin uwar. Ya ce na'ura ta cinye ta tuntuni. Na bi tasha-tasha, Kawo da Zariya da Funtuwa, ina sayen duk tsohon kwafin da na samu, in kawo gida in sa kunne a ƙarshen waƙa ta uku. A kowanne akwai wata mata tana magana a can nesa, kamar daga ƙasan rijiya. Ni da na san kalmomin ina iya jera su a kai. Wanda bai sani ba ba zai tsinci ko ɗaya ba.

Habu ya rufe shagon Unguwar Shanu ya koma Rigachikun, can yake gyaran rediyonsa. Jitar tana wurin Dogo, an rataye ta a bangon shagon walda. Na je na same shi na roƙi gafara, ya ce, "Ba komai Baffa, Allah ya yafe mana." Yana zuwa gaishe ni da salla, ya durƙusa yadda ya kamata, ya tambayi jikina, ya tashi kafin a kawo abinci. Bara aka haifa masa 'ya, ya sa mata Hajara. Yarinyar za ta girma ta ji dakan kakarta a kaset ɗin kowane direba. Muryarta kuwa ba za ta taɓa ji ba, domin babu ita a ko'ina a duniya, kuma ni na sa aka yanke ta.